Karan Dawan da Ban Miƙa Ba

Abin da na fara gani da na dawo daga makaranta ranar shi ne wani koren layi. Ya bi gefen jirgin tun daga goshi har baya, a miƙe kamar an ja shi da rula. Busasshiyar gansakuka ce, daidai inda ruwa yake tsayawa idan jirgin yana cikin kogi. Sai bayan nan na kalli jirgin kansa. Ƙaramin kwalekwale ne na alminiyam, an kife shi a tsakar gidanmu tsakanin rijiya da turken awaki, ya cinye wurin da Umma take shanya. Gidan duk ya ɗauki ƙarnin kifi. Kaka, mahaifin Abbana, yana zaune a kan tabarma kusa da shi, ya ɗora tafin hannunsa a jikinsa kamar mai lallashin saniya.

"Amarya ta dawo," ya ce. "Zo ki ga motar da za a kai ki ɗakina da ita."

Haka yake kirana tun ina ƙarama, irin wasan kaka da jika. Sauran jikokinsa suna ramawa, su ce ba sa son miji mara haƙora. Ni ban taɓa iya ramawa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na shige ɗaki, na ci gaba da kallon jirgin ta gefen labule.

Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Kaka masunci ne, a wani ƙauye kusa da Gashuwa aka haife shi, a can ya tsufa. Da kakata ta rasu, Abba ya je ya taho da shi gidanmu a unguwar Yerimaram, cikin Potiskum. Da ƙyar ya yarda, kuma sai da ya kafa sharaɗi biyu: a biyo shi da jirginsa, kuma idan damina ta sauka zai koma. Abba direban tirela ne, shanu yake kaiwa Kudu. Wani abokinsa da ya kai kaya Gashuwa ne ya ɗauko jirgin a hanyar dawowa.

Matsalar ita ce kafaɗar Kaka ta dama. Ta daina ɗaguwa. Ko riga zai sa sai an kama masa hannun. Shi kuwa jirgin da doguwar gora ake tura shi, mutum yana tsaye, yana kafa ta a ƙasan ruwa yana dannawa da duk ƙarfinsa. Kaka ya san wannan ya wuce shi. Don haka ya ce a sa wa jirgin inji.

Ina wanke-wanke a bakin rijiya bayan la'asar na ji suna maganar shi da Abba.

"Baba, wa zai dafa maka a can? In ka faɗi wa zai sani?"

"Maƙwabtana suna nan, ba a daji nake ba. A nan wa ya san ina raye? Awakinku?"

 Abba ya ce, "To. A sa injin. In na gani da idona ya zauna daidai, ni da kaina zan mayar da kai kafin ruwa ya cika. In bai zauna ba, ka haƙura ka zauna da mu."

"Ka faɗa a gaban amarya," Kaka ya nuno ni da haɓa. "Ta ji."

Na sunkuyar da kai ina goge kwanon da na riga na goge.

Abba ya samo injin a Lokoja, na hannu ne, ya zo da shi a nannaɗe cikin tamfol. Fentinsa ya koɗe, an ɗaure igiyar tayar da shi da wani guntun katako a maimakon mariƙinta na asali. Suka birkito jirgin, suka ɗora shi a kan turame biyu, suka rataya injin a allon baya. Nan take Kaka ya girgiza kai. Ƙafar injin gajera ce, allon kuma dogo. Farfelar ta tsaya a sama, ba ta sauka ƙasa da gindin jirgin ba. Ko an shiga ruwa iska za ta riƙa kaɗawa.

Da yake ni ce a kusa, ni ya yi wa bayani. Ya nuna mini wani shafaffen ƙarfe kamar ɗan faranti a saman farfelar. Ya ce wannan farantin shi ne zai yi daidai da gindin jirgi, ba sama ba, ba ƙasa ba. Dole a yanke tsakiyar allon a saukar da shi, sannan a liƙa katako mai ƙarfi ciki da waje, domin alminiyam ɗin ba shi da kauri, in aka ɗaure inji a kansa haka nan zai lanƙwashe.

A Potiskum ban san mai gyaran jirgi ba. Masu ƙera bodin tirela kuwa suna da yawa, kuma sun iya. Abba yana da aboki mai walda a wajen unguwar Dogo Tebo, wanda kowa yake kira Injiniya, shi ne yake gyara masa bodin motarsa shekara da shekaru. Ranar Juma'a da yamma aka ɗora jirgin a kan a-kori-kura aka kai masa. An bar injin a gida, sai washegari da rana za a bi shi da shi. Asabar da safe Abba ya yi lodi ya kama hanya.

Kaka ya so ya je ya tsaya a kan aikin, amma a makon ƙafafunsa sun kumbura, ko masallacin ƙofar gida ba ya iya takawa. Sai ya sa na zaro masa karan dawa ɗaya daga dangar awaki. Ya zauna gaban injin, ya kafa karan daga inda ake rataya shi zuwa wannan farantin. Ya yanke da wuƙarsa ta fiɗar kifi, ya sake gwadawa, ya ɗan feƙe bakin, ya sake gwadawa. Sau uku.

Umma ta ce daga madafa, "Baba, da an kira shi a waya an huta."

"In ce masa me a waya? Taƙi biyu ba yatsa ɗaya? Taƙina da nasa ɗaya ne?"

Ya miƙo mini karan. Ni ce babba a gidan, ƙannena duk ƙanana ne, Umma kuma ba ta zuwa gareji.

"Ki ce masa ya kafa wannan daga gindin jirgi ya yi sama. Inda karan ya ƙare, nan yanka zai tsaya. Ko ƙwayar gero kada ya ƙara yin ƙasa. Maimaita in ji."

Na maimaita. A cikin napep ma ina ta maimaitawa a raina, na rungume karan cikin hijabina don kada wani ya zauna a kai.

Ban taɓa shiga gareji ba sai ranar. Ƙasar wurin baƙa ce saboda mai, ko'ina guntayen ƙarfe. Bodin tirela biyu suna tsaye ba taya, wani yana walda a saman ɗaya, tartsatsi yana zubowa. Jirgin Kaka yana kan tsofaffin tayoyi a gindin wani darbejiya, ya yi ƙanƙanta a tsakanin manyan motoci. A gefensa akwai dogon benci, maza kusan goma a kai da kewayensa, suna cin gyaɗa. Injiniya yana tsaye, ya tura baƙin gilashinsa goshi, an ɗaure hannun gilashin ɗaya da waya.

Shi ya fara ganina. "A'a, 'yar direba! Me aka aiko mana, rake?"

"Bulalar makaranta ce," in ji wani daga kan benci. "An aiko ta ta zane ka saboda satar ƙarfe."

Aka yi dariya. Wani mai jar hula ya buga gefen jirgin da ƙafa. "Garin da ruwan sha ma sai mai garuwa ya ga dama, nan aka kawo jirgi gyara. Injiniya, in ka gama ka sa masa taya huɗu, ya riƙa ɗaukar fasinja zuwa kasuwa."

Duk suka juyo suna kallona, suna jiran in yi dariya ko in ce wani abu. Na durƙusa na gaishe su. Maganar tana nan a bakina, ban manta ko kalma ɗaya ba. Amma ni ban taɓa gaya wa babban mutum yadda zai yi aikinsa ba, balle a gaban abokansa. Na ji kamar in na buɗe baki, cewa zan yi bai iya ba.

"Ya jikin tsoho?" Injiniya ya tambaya. "Ya ce wani abu?"

Na ce, "Yana gaishe ka."

"Ina amsawa. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, zai ga aiki."

Na jingina karan a jikin jirgin, daidai allon baya, wai ko zai gani ya gane da kansa. Na juya. Ban kai bakin titi ba na ji yana yi wa mutanen benci bayani, da muryar mutumin da ya san abin da yake faɗa.

"Ai farfela kamar taya ce. Taya in ba ta kama ƙasa sosai ba, mota ba ta ja. Saukar da ita za mu yi ta nutse da kyau, ta kama ruwa."

Na ji shi sarai. Na san ba haka Kaka ya ce ba. Na tsaya kamar zan koma, sai wani ya tayar da injin yankan ƙarfe, ƙarar ta cika wurin, na ci gaba da tafiya.

Ina shiga gida Kaka ya ce, "Kin faɗa masa?"

Na gyaɗa kai. Ya laluba aljihu ya ba ni dabino biyu. Na sa su a jakar makaranta, sun yi makonni a ciki.

Ranar da Abba ya dawo daga Kudu, ranar aka kawo jirgin. Gaskiya aikin ya yi kyau. An liƙa katakon maɗaci ciki da waje, an ɗaure da noti shida, kowane da 'yar robar tub a ƙarƙashinsa don kada ruwa ya bi. An goge bakin yankan har ba ya yankar hannu. An ma yi wa katakon fenti ja da rawaya, da 'yan furanni irin na bayan tirela. Umma ta ce ma sha Allah. Ƙannena suka shige ciki suna tuƙi da baki.

Kaka ya matso da sandarsa. Bai kalli fentin ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya kafa babban yatsa a gindin jirgin, ya buɗe taƙi ɗaya, sannan ya jera yatsu uku, sai ga shi ya kai bakin yankan. Ya sake aunawa. Ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa da yaren Bade, wanda ba na ji sosai.

"Lafiya, Baba?" in ji Abba.

"Ya yi ƙasa."

"Ai kaɗan ne."

"A tudu kaɗan ne."

Bai kalli inda nake ba. Ni kuma na ƙura wa furannin ido.

Damina ta yi nisa lokacin, babban kududdufin bayan unguwarmu ya cika. A can aka yi gwajin, wata Lahadi da hantsi. Abba ya ce shi zai shiga. Aka kai wa Kaka kujera bakin ruwa, daga nan ya nuna masa yadda zai ja igiya da yadda zai murɗa hannun injin. Mutanen unguwa suka taru, mata suna leƙowa ta saman katanga. Yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi mai inji ido da ido ba.

A ja na huɗu injin ya tashi da hayaƙi shuɗi. Jirgin ya zabura, goshinsa ya ɗaga, aka yi ta ihu da tafi. Ni bayan nake kallo. Da nauyin injin da na Abba, tsakanin ruwa da bakin yankan bai fi yatsa biyu ba. Da Abba ya kai tsakiya ya rage wuta don ya juya, sai igiyar ruwan da jirgin ya tayar ta biyo shi ta baya, ta hau ta wurin yankan ta zubo ciki. Wata ta sake biyowa. Na ga jarkar fetur ta tashi tana yawo a tsakanin ƙafafun Abba. Injin ya yi tari ya mutu. Abba ya dira cikin ruwa, ruwan ya kai masa ƙirji, ya kamo igiyar gaba yana ja.

"Direba, sa ribas!" wani ya ƙwala daga cikin taro. Aka fashe da dariya. Abba ma ya yi dariya, rigarsa ta manne a jikinsa, ganyen bado a kafaɗarsa.

Da ya fito sai ya tsuguna gaban kujerar Kaka, dariyar ta tafi.

"Ka gani da idonka, Baba. A kududdufi ke nan, ba iska, ba gudun ruwa."

Kaka ya ce ana iya ɗaga shi, a mayar da abin da aka yanke. Abba ya ce ya tambaya, guntun ya riga ya tafi wurin masu zuba tukwane, ƙila ma wata tana dafa tuwo a ciki yanzu. Kaka ya ce to a cike da katako. Abba ya ce ba zai ɗora ran mahaifinsa a kan ciko ba, kuma mai waldar alminiyam da za a yarda da shi sai Kano.

"Mun yi magana, Baba. Ka haƙura."

Kaka ya ce, "To." Ya nemi a miƙo masa sandarsa.

Da yamma na lura Abba ya ci malmalar tuwo biyu, ya ɗauki autarmu yana cilla ta sama. Rabon da in gan shi haka tun rasuwar kakata. A nan na gane cewa shi daɗi ya ji. Ban ga laifinsa ba, tsoro yake yi kada a kira shi wata rana a ce an tsinci jirgi ba kowa a ciki.

Aka sake kife jirgin a inda yake da. Injin aka mayar cikin tamfol aka tura ƙarƙashin gadon Kaka. Da, kullum bayan azahar yana fito da komarsa yana ɗinke inda ta yage, yana riƙe zaren da babban yatsan ƙafa. Ya daina. Da, duk direban da ya biyo ta wurin Abba daga Gashuwa sai ya tare shi da tambayar inda ruwa ya kai. Wannan ma ya daina. Abincinsa ya fara dawowa da saura. Amma bai daina ce mini amarya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini nauyi. 

Sai da aka yi mako uku. Wata ranar Laraba na kai masa kunu bayan la'asar, yana zaune a zaure yana kallon hadarin da ya haɗu a arewa. Na ajiye kofin, ban tashi ba.

"Kaka, ban faɗa masa ba. Na je, na kasa. Jingina karan kawai na yi na taho."

Ya ɗauki kofin ya hura. "Na sani."

Na ɗago kai.

"Ba mai sana'ar da za a aika wa da awo a kan aikinsa bai zo ya yi gardama ba. Da na ga kwana uku bai zo ya zage ni ba, na san saƙo bai isa ba."

"Me ya sa ba ka gaya wa Abba ba?"

"In ce masa me? Ni na ɗauki yarinyar da ko ni ba ta iya mayar wa magana, na tura ta cikin garada. Wa ya fi wani wauta?"

Na fara kuka, ina rufe baki da hijabi don kada Umma ta ji. Bai ce in yi shiru ba. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya turo mini kofin.

"Taya ni, ya yi mini yawa. Wace irin amarya ce wannan, ta nutsar da jirgin miji kuma ta zo tana jiƙa masa tabarma?"

Na kurɓa. Shi kuma ya mayar da idonsa wajen hadarin.

"Yanzu haka ruwa ya haye fadama," ya ce. "Tarwaɗa ta shiga cikin ciyawa, da hannu ma sai ki kama. Tun da aka haife ni, ruwa bai taɓa cika ina wani gari ba. Sai bana."

Kaka bai koma kogi da zama ba. Jirgin bai sake shiga ruwa ba. A gidanmu ya rasu, a ranin da ya biyo bayan wannan daminar, Allah ya jiƙansa. Abin da ya samu kawai shi ne yini ɗaya a bakin ruwan garinsu, kuma ga yadda aka yi.

Washegarin ranar da na gaya masa, Abba yana ƙofar gida da safe zai tafi wurin lodi. Maƙwabtanmu biyu suna tsaye tare da shi, suna maganar lalacewar hanya. Na tsaya a bakin zaure da jakar makaranta, na fita, na dawo, na sake fita. Na je na durƙusa a gefensa. Abba ya dubo ni.

"Mene ne? Za ki makara."

Na faɗa masa duka, tun daga karan da Kaka ya yanke har abin da na ji Injiniya yana cewa ban koma ba. Na ce ba laifin jirgin ba ne, ba laifin Kaka ba ne. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya juya yana kallon titi. Abba ya sauke jakarsa daga kafaɗa ya ajiye a ƙasa, yana kallona kamar yau ya fara jin muryata.

"To yanzu me kike so a yi?"

Na ce, "Abba, in ka dawo daga wannan tafiyar, don Allah ka kai Kaka Gashuwa kafin ruwa ya janye. Ko ba jirgi, ko yini ɗaya ne. Ka tafi da ni, ni zan riƙe masa hannu."